Ni da Sulken Mayaƙa

Ranar nunin kayan tarihi a makarantar 'yata a Bronx, aka kawo sulke irin na mahayan da. Na buga ƙirji na ce ai gadonmu ne. Malamar ta miƙo mini riga mai auduga, wai ita ake fara sawa. Na ture ta, na zura sulken kan singileti. Zobban ƙarfen suka cafke gashin ƙirjina, nauyin ya durƙusar da ni. Sai da maza biyu suka kifa ni suka zazzage ni kamar buhu.

'Yata ta ce, "Daddy, please," ta fice. Ba ta ƙara gayyata ta ba. Har yau a unguwarmu ta Highbridge, ko gaisuwar mutuwa na je, sai wani ya ce, "Barde, ina dokin?"