Hotunan Alhaji Maikano a Duwatsun Azbin

Alhaji Maikano, mai shagon shadda a kasuwar Maraɗi, ya gaji da gorin da Malam Barau ke yi masa a majalisa, wai in ban da Makka da jirgi ya kai shi ya dawo da shi, duniyarsa ba ta wuce daga gida zuwa shago ba. Maganar ta ci masa rai ƙwarai. Rannan ya sa direbansa Jibo ya cika tanki, suka nufi Agadas, suka hau hanyar duwatsun Azbin, da niyyar ya dawo da hotunan da za su rufe bakin Barau.

To, Alhaji ya sha farar shadda mai sitati, motar kuma sanyi kamar randa. Da suka tsaya a tudun rairayi, ya ɗan sauke gilas, zafi ya mare shi, ya mayar da sauri. Ya ce, "Jibo, ungo waya, je ka ɗauko mana." A inda ruwa ke zubowa daga dutse a Timiya, aka ce sai an ɗan taka a ƙasa, ya dubi takalminsa ya miƙa waya. Wurin raƙumin dawan da mutanen dauri suka zana a jikin dutse kuwa, cewa ya yi ai ya taɓa ganin irinsa a kalanda. Haka aka yi kwana biyar.

Ranar da suka dawo ko hutawa bai yi ba ya nufi majalisa, Jibo na biye da kwandon tsaraba. Ya danƙa wa Barau wayar yana hura hanci, alhali shi kansa bai duba abin da ke ciki ba.

Barau ya yi ta turawa da yatsa. Ga Jibo a kan rairayi, ga Jibo ƙafa cikin ruwa, ga Jibo na shan lemo a lambu yana washe baki. Ya ce, "Masha Allah, Jibo ya ga duniya. Kai fa Alhaji, shago ka tsare masa?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Alhaji ya juya ya harari direba. "Kai Jibo, hoto tamanin, babu ni ko a ɗaya?"

Jibo ya karɓi wayar cikin ladabi, ya buɗa wani hoto da yatsu biyu, ya nuna wani baƙin ɗigo can a gindin dutse.

"Haba ranka ya daɗe, ai duk kana ciki. Ga ka nan, gilas ne kawai ka rufe."