Katangata Ta Rasu Baki Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni matar magini nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidana ya ɗaga waya yana dariya, rasuwar katangar gaban gidana, wadda ta faɗi ranar Talata da hantsi tana da shekara talatin da huɗu a tsaye. Ni ban yi makaranta ba. Mai buga takardu na bakin titi ne yake rubutawa ina faɗa, na sa ya karanta min sau biyu, 'yata ma ta sake dubawa. An taɓa cutata da takarda, ba za a sake ba.

Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ne ya gina marigayiyar da hannunsa. Ya yi wa mutane gidaje ba adadi, amma wannan ce kaɗai ya yi wa kansa, a ranakun hutunsa, ni ina ɗebo masa ruwa da ciki wata bakwai. Bai yarda kowa ya yi mata filasta ba sai shi. In rana ta karkata kana ganin sawun cokalinsa a jikinta, kowane shafi ya ɗan lanƙwasa hagu, don bahago ne. Ya haɗa mata dogon dakali a gindi, inda yake zama ya cire takalmi in ya dawo aiki.

Marigayiya ba ta da gulma. Ta ji faɗana da mijina shekara da shekaru ba ta kai wa kowa ba. Ta tare mana rana, ta tare mana idon mutane. Mota ta taɓa dukanta da baya, motar ce ta ji jiki. Murya ɗaya na san ta da ita: in mijina ya tarar da ƙofa a kulle, ba ya buga ƙarfe, sai ya mari katangar da tafin hannu sau biyu, ta ce bam, bam, daga can cikin cikinta. Ko ina madafa ina ji.

Ciwonta daga dakali ya fara. Wasu ƙarti ne suka gano shi, maza masu gemu, wani har da furfura, kowa da katako mai taya huɗu a hammata. Siket suke ce masa. Ni siket ɗin da na sani mata ke sawa, amma na ga ya dace da su. Sai su taho da gudu daga gangaren layi, su yi tsalle su ɗora katakon a gefen dakali, su goge shi ƙiiii, su dira kwas, ko su faɗi tim, sauran su tafa. Har kyandir suke goga wa gefen don ya ƙara santsi. Wurin zaman mijina, kyandir! Na kore su da baki, na kore su da ruwan wanki. Maganata ɗaya ce kullum: ku tashi min a nan. Na faɗa, gobe ma zan faɗa.

Wanda ya jawo su ɗan ƙanwata ne, suna ce masa Mai Gwangwani. Mai zane ne, wai. Shekara shida ya yi a ɗakin ƙuryar gidana, don haka kada wani ya yi min bayanin aikin mai zane, na gani da idona. Da safe ya fita da jaka cike da gwangwanayen fenti suna kacau-kacau, ya zana wa mai aski kawuna, ya zana wa mai kifi kifi, mai kifin ya ce wannan ai takalmi ne, ya goge ya sake. Da yamma ya dawo yana tari, majina yau kore gobe ja. Zanen da yake yi don kansa yana jingine a ɗaki, ɓeraye ne kaɗai masu zuwa kallo. Yarinyar da ta ce tana son sa sau ɗaya ta leƙa, warin fenti ya kore ta, ta auri mai sayar da taya. Shi Mai Gwangwani, shekara talatin da biyar, gwiwa a naɗe da bandeji, yana koyon tsalle a kan katako. Ni nake wanke masa riguna. Ban taɓa ce masa ya bar min gida ba.

Wata rana ina tsaye jikin katanga ina shan inuwa, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce ofishin ƙawata gari zai ba masu zane aiki a layinmu, da sunansa a ciki.

"Inna, fuskar nan nake so ki ba ni," ya faɗa yana nuno inda nake da haɓa.

Matar magini ce ni. A gidanmu in an nuna wajen gini aka ce fuska, fuskar gida ake nufi. Na waiga na dubi katangar na ce, "Ɗauka. Amma furanni za ka yi, ko tsuntsu. Kuma kada ka toshe min sawun Babanku da fenti mai kauri."

"Za ki gani, Inna."

Ya fito da takarda da tawada, na dangwala. Sai daga baya 'yata ta karanta min: na ba da fuskata, a zana, a buga, a yaɗa. Fuskar gidan ma tana ciki, a layin ƙasa. Biyun ya kwashe da yatsa ɗaya.

Kwana biyar yana kan tsani a bayan tamfol, gwangwani na ta tsss, tsss, ni ina miƙa masa ruwa ta ƙarƙashi. Ranar da aka yaye, layi ya cika, na fito da sabon mayafi. Sai na ga kaina daga ƙasa har sama, baki buɗe wanda mutum zai shiga a tsaye, jijiyar wuya a miƙe, giɓina duka bai manta ko ɗaya ba. Ya daidaita bakin saitin dakali, yadda duk wanda ya goga katakonsa ya yi tsalle, a hoto sai ka rantse ni na tofo shi. A ƙasa akwai rubutu. Na tambayi wata mata me aka ce, dariya ta hana ta magana. Maganata ce: ku tashi min a nan.

Daga ranar mutanen da ban taɓa gani ba suke sauka daga mota suna cewa, "Mama, ɗan buɗe bakin mu ɗauka tare."

Da masifata ya zana da na haƙura, tawa ce, na san ina da ita. Amma ku da kuka yi dariya, ku sake duba wayoyinku. Ku dubi ɗankwalin da ya zame ya sauka a kafaɗa, shuɗi mai ɗigon fari. Sau ɗaya ɗankwali ya taɓa zame min a waje: ranar da na fito da ruwa a kofi na tarar da mijina a kan dakali, takalmi ɗaya a cire ɗaya a ƙafa, kai ya langaɓe. Wannan bakin ba kora yake yi ba. Sunansa nake kira.

Mai Gwangwani yana wurin ranar. Kowa ya ruga neman mota, ashe shi kallona ya tsaya yi, ya shiga ɗaki ya zana a ɗan littafinsa, ya ajiye shekara huɗu yana jiran katanga. Na tsare shi a tsakar gida na tambaye shi. Ko darajar ƙarya bai yi min ba.

"Inna, ban taɓa ganin fuska mai ƙarfi irin wannan ba. Duk aikina babu kamarta."

"To me ya sa ka rubuta kora a ƙasa?"

"In na rubuta gaskiya ba wanda zai tsaya."

Ranar ya kwashe gwangwanayensa ya bar gidan.

Na nema wa marigayiya magani. Na kawo bokitin farin fenti, kafin in tsoma buroshi ma'aikacin ofishin ya iso da takardar mai yatsana, ya ce zanen yanzu na gari ne, wanda ya taɓa shi zai amsa tambaya. Na je ofishin sau huɗu. A na huɗu ogan ya fito ya ce ya san ni, ya nuna min ni a jikin kofin shayinsa, ya ce in yi alfahari. Na ce ya karanta min takardar a hankali. Ya karanta. Na ce fuska takardar ta ce? Ya ce fuska. Na ce ta yi maganar baya? Ya duba ya ce a'a. Na yi masa godiya.

Bayan katanga a cikin gidana yake. Na ɗauko gudumar mijina, na auna saitin bakin daga ciki, na fara. Kwana uku, daga safe zuwa hantsi, don ƙarfina iya nan ne. Zanensu ko da farce ban taɓa ba. Ba ta yi saurin tafiya ba, wanda ya gina ta bai yi ha'incin siminti ba. Kowane duka sai ta ce bam, da muryar nan, ni kuma ina ba ta haƙuri. Ranar Talata ta yi wani dogon nishi ta kifa waje, ta rufe dakalin, fuska a ƙasa. Hannuna ne ya ɗaga guduma, amma kada wanda ya ce ni na kashe ta.

Ta rasu ta bar ƙofar ƙarfe tsaye ita kaɗai, ina kulle ta kullum duk da ko akuya ta san ta zagaya. Ta bar ƙusoshi uku na igiyar shanya da ƙadangaru marasa gida. Ta bar ni ina girki a bayan tabarmi biyu da zanin gado. Ta kuma bar shegu da ba sa ƙirguwa: a wayoyi, a riguna, a kofuna, da a ƙarƙashin katakan ƙartin nan, inda aka manna fuskata ana goga ta a bakin kwalbati. Waɗannan ban karɓe su a dangi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ba salla, ba likkafani, katanga ce, ban haukace ba. Za a ɗauki gawar a baro uku daga ƙofar gidana, a bi ta gangaren layi, a kai ta farin ɗakin nan mai gilasai inda Mai Gwangwani zai buɗe nunin zanensa na farko, wanda fuskata ta sama masa. An ce shafin littafin ma yana can a rataye. A bakin ƙofa za a sauke. Masu siket in suna da kunya su zo su tura baro, sun saba da taya. Masu ta'aziyya kada su kawo komai, kada kuma wanda ya ce min in yi haƙuri, na yi, ya ƙare.

Ba na son sabuwar katanga, wanda zai gina irinta yana ƙasa. Abu ɗaya nake nema. Mai Gwangwani ya tsaya gaban manyan baƙinsa ya faɗi ranar da ya ɗauki fuskar nan, da wanda nake kira. Kun ji daga bakina yanzu, amma bakina kun saba yi masa dariya. Daga nasa nake so a ji. Zan zo da kujerata, zan zauna har ya faɗa, in an rufe ɗakin in dawo Lahadi.

Uwarsa, ƙanwata, ta yi sabon ɗinki don ranar ɗanta. Ita ma ba ta karatu, kuma kada wanda ya karanta mata wannan takarda. Ni zan je in ɗauko ta da kaina, in zaunar da ita kusa da ni a layin gaba.