Furen Mma da alif ɗina

Ba zan taɓa mantawa da bikin Rabi ba, ko da na so ma, matan Maamobi ba za su bar ni ba.

Rabi 'yar goggona ce, Mma Hajara, wadda ta riƙe ni tun ina firamare. A tsakar gidanmu akwai wani fure mai ruwan hoda a cikin tsohuwar roba. Marigayi mijinta Baba Alhaji ne ya shuka shi, kuma kullum da safe sai ta ba shi ruwa kafin ta ɗora koko. Ko yaro ya tsinki ganye ɗaya, ranar ya shiga uku.

Ni kuwa malamin kimiyya ne a wata makaranta a Nima (ku riƙe wannan, shi ne tushen masifar). Wata rana na raka ɗalibai Aburi, wani dattijo mai sayar da furanni ya nuna mana iri ɗaya kala biyu, hoda da shuɗi. Ya ce idan ƙasa ta yi tsami, alminiyom ɗin cikinta yakan narke, wannan furen ya sha ya tara a jikinsa, sai ya koma shuɗi. Har alif yake zuba masa, irin wanda muke tace ruwa da shi. Ya ƙara da cewa ganyen shayi ma haka yake jurewa, amma yawancin tsiro saiwarsu ƙonewa take yi. Wannan ƙarshen ban ji shi ba, na riga na tafi duniyar tunani.

Yayin bikin Rabi, wato ankonmu, shuɗi ne. Na dawo gida ina hura hanci.

"Mma, furen Baba Alhaji zai sa yayi ranar biki."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ticha, ka tabbata?"

"Haba Mma, me nake koyarwa?"

Na sayo alif, na daka, na jiƙa, ina zubawa safe da yamma. Ganye ya fara rawaya, na ce canji ne ya kama hanya. Ya fara zubewa, na ce tsohon kaya yake cirewa, na ƙara hannu. Wallahi har masu sayar da waake a bakin titi sai da na yi wa albishir.

Ana saura kwana biyu na gane gaskiya, furen Mma ba irin na dattijon ba ne. Sai na ja robar bayan tankin ruwa, na rufa mata tsohon zani, ina fatan kowa ya manta.

Ina! Ranar biki gida ya cika maƙil, sai ga gwaggon ango, wata Hajiya mai muryar lasifika: "Ina malamin da ya rina fure? Tun daga Kanda muke jin labari!" Kafin in yi motsi an jawo robar tsakiya. Hajiya da kanta ta yaye zanin. Sanduna uku ne a tsaye, ko ganye ɗaya babu.

"Ei! Ai wannan tsintsiya ce!"

Dariyar ba ita ta dame ni ba. Fuskar Mma na kasa kallo. Na kashe abin da mijinta ya bar mata, don kawai a ce na sani. Bayan an kai amarya na durƙusa a ƙofar ɗakinta, hawaye na zuba, ƙato da ni.

Sai ta ja ni bayan kicin. Gwangwanayen tumatir huɗu ne a jere, kowanne da ɗan reshe ya yi sabon ganye.

"Ranar da ka ce 'me nake koyarwa', ranar na yanke su. Ni na raine ka fa."

Yanzu idan masani yana bayani, ina tsayawa sai ya kai aya. Furen ya girma, hodarsa ras. An yarje mini in kalle shi, amma Mma ta ce daga bakin ƙofa.