Ranar da Na Yi wa Na'urar Golf Ban-ruwa

Ba zan taɓa mantawa da abin da na tafka a Agiye ba, shekarar da sojoji ke riƙon ƙwarya ana ta shirin zaɓe. Masu proje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya karkara, da suka tattara nasu ya nasu sun fara dawowa, kuma ɗaya daga cikinsu na neman wanda zai shugabanci masu haƙa rabin-wata, ramukan nan da ke tare ruwan sama a kan fako, daga Agiye har Gazawa. Cikin masu neman aikin mu biyu muka rage: ni da Rabe, wani matashi mai takardar Yamai. Ni lakol ɗina bai wuce aji shida ba, amma (ba yabon kai ba) daga Gidan Sori har Cadakori an san ni. In na tsaya a gona na runtse ido ɗaya, sai in gaya maka inda ruwa zai bi tun hadari bai haɗu ba. Aikin nan kuwa ina son shi kamar me.

Shugaban proje, Injiniya Laminu, a ƙasar waje ya yi karatu, can ya kamu da son wasan golf. Da yake babu filin wasan a wajenmu, sai ya kafa na'ura a falon masaukinsa: koriyar shimfiɗa mai kama da ciyawa a ƙasa, farin ƙyalle a bango, majigi na haska fili a kai. Kana buga ƙwallo na gaske da sanda, wasu ƙananan idanun lantarki a gefen shimfiɗar su auna bugun, sai ka ga ƙwallonka na gangarawa cikin hoto.

Ana gobe za a yanke shawara ya kira mu cin abincin rana. Da muka wanke hannu sai ya ce mu gwada. Ya yi mana bayani cewa bugun ƙarshe, na tura ƙwallo cikin rami, shi ne mai wuya. In raɓa ta sauka a ciyawa ƙwallo sai ya yi nauyi, in an yi mata aski ƙasa-ƙasa sai ya zura da gudu, ga kuma gangare. Duk na'urar tana kwaikwayon wannan, har da ɗigon raɓar kana gani.

"Ni dai wata ukku ke nan," in ji shi, "duk bugun da na yi hagu yake tahiya. Hannuna ya lalace."

Rabe ya fara. Ya karanta lambobin da ke jikin hoton, ya yi lissafi da Faransanci, ya buga. Ƙwallo ya bi hagu. (Allah Ya yafe mini, har cikin raina na ji daɗi.)

Injiniya ya miƙo mini sanda. "To Malam, an ce kai ka iya karatun ƙasa. Bismilla."

Kaina ya ƙara girma. Na taka shimfiɗar da ƙafa ba takalmi, na tsuguna, na runtse ido ɗaya. Hoto ya ce fili a daidaice yake, tafin ƙafata ta ce ƙarya ne. Ni kuma ban taɓa yarda da hoto in bar ƙafata ba. Sai na yi abin da mahaifina ya koya mini in ana gardamar gangare a gona. Ga buta nan a bakin ƙofa. Na ɗauko ta cikin isa, na ce, "Yallaɓai, ruwa ba ya ƙarya," na tsiyaya a tsakiyar shimfiɗa.

Ruwa kam bai yi ƙarya ba. Ya miƙe sak zuwa hagu, ya shige cikin idanun nan. Sai muka ji "tas!", ƙauri ya tashi, koren filin nan ya ɓace daga bango.

Ni ga ni tsugune, buta a hannu, kamar wanda aka kama a bayan dangar mutane.

"Malam," in ji Injiniya a hankali, "mi ka aikata?"

"Gangare nike nema, Yallaɓai."

Rabe ya juya baya yana ƙunshe dariya. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na ajiye butar, na fara laluben takalmina, ina tunanin abin da zan gaya wa iyali. Aiki dai na san ya tafi.

Har na kai ƙofa na lura Injiniya ba ni yake kallo ba. Ruwan yake bi da ido, yana ta malala har ya taru a kusurwar hagu. Ya fita ya ɗauko ma'aunin magina daga mota, mai 'yar ƙwayar nan a tsakiya, ya ɗora a daɓe. Ƙwaya ta gudu gefe guda. Ashe simintin falon ne a karkace, ƙwallo na kaucewa tun kafin na'ura ta auna shi.

Ya dafe kai. "Wata ukku ina zagin hannuna!" Sannan ya dube ni, fuska ba dariya ba fushi. "Gobe ka zo buro da sahe ka kama aiki. Amma don Allah ka baro buta gida."

Haka na sami aikin. Shekara huɗu na yi ina jan layin rabin-wata, kuma ba layin da ruwa ya taɓa kunyata ni a kai. Na'urar kuwa sai da ta yi watanni a Maraɗi wajen mai gyara, kuma har yau a Agiye ba wanda ya san sunana na yanka, Mai Buta ake ce mini.

Na iya gane gangare, wannan ko Rabe ya sallama. Abin da ban iya ba sai ranar, shi ne kafin ka saki ruwa ka fara duba wa ke zaune a ƙasan gangaren.