Mai Madubi Ta Mayar da Zobe

Wani ne a Dogon Dutsi, ɗan kabu-kabu mai ɗaukar fasinja a babur. Ba ya shan taba, ba ya caca, ba ya tsere da fasinja a kan kwalta. Aibinsa ɗaya ne, shi ma bai san aibi ba ne: fim ɗin jaruman nan masu tashi sama.

Akwai wani dogon fim da ake fitarwa kashi-kashi, ɗaya a shekara. Sunayen Turawan ciki sun fi ƙarfin bakin 'yan fadarsu, inda suke zaman shayi bayan la'asar, sai suka raɗa musu nasu. Jarumin yana rikiɗa ya zama hayaƙi, ya bi ta ramin makulli. Suka ce masa Hayaƙi. Budurwarsa tana shiga madubi a wannan gari ta ɓulla ta wani madubin a wani gari. Ita ce Mai Madubi. Akwai kuma na uku, mai sanƙo da baƙar kwat, wanda yake iya tsayar da lokaci na minti ɗaya cur. Shi ne Minti Ɗaya. Mutumin namu ya tsane shi tun ranar farko, saboda bai yarda da irin kallon da yake wa Mai Madubi ba.

Shekara bakwai yana jiran auren Hayaƙi da Mai Madubi. Ya taɓa ƙaurace wa fada sati guda don wani ya ce ba su dace ba. Hotonsu su biyu yana manne a tankin babur ɗinsa. Rana ta ci rabin hoton, Hayaƙi ya koɗe har ya ɓace, saura ita kaɗai. Wannan bai dame shi ba, tunda dama ɓacewa aikin Hayaƙi ne.

Shi ma yana da nasa neman auren. Basira ce, 'yar Alhaji Abdussalamu mai shagon siminti da kwanon rufi. Alhaji mutum ne mai wando saman idon sawu, ba ya son kiɗa a biki, ba ya son a tsawwala wa mai nema. Ya aiko masa da magana a taƙaice.

"Ba na son akwati goma. Sati biyu nake so, a yi bincike a kanka. In an same ka fes, a sa rana. In an samu wani abu, kada in sake ganin babur ɗinka a ƙofar gidana."

Mutumin ya ɗauki abin da gaske. Ya koma sahun gaba a masallaci. Ya yi aski. Ya cire hon ɗin nan mai kukan jariri ya sa na mutane. In ya hango dattijo a hanya, sai ya kashe inji ya gaishe shi, ko da fasinja a baya yana sauri. Kwana goma sha biyu ba wanda ya kama shi da komai.

Rana ta goma sha uku, Luƙman mai tura fim a waya ya tare shi a bakin kasuwa.

"Kashi na takwas ya iso. Amma ni dai shawarata, ka bari sai bayan an sa maka rana."

"An yi auren?"

"Ka dai bari."

Bai bari ba. Ya samu inuwar dogon yaro, ya jingine babur, ya kalla tun daga farko. Saura minti goma a gama, Mai Madubi ta zare zobe daga yatsa ta ajiye a tafin Hayaƙi. Ta juya ta kama hannun Minti Ɗaya. Suka shige madubi tare.

Ya mayar baya ya sake kallo, ko an yi kuskure. Sau huɗu. Duk sau huɗun ta ajiye zoben.

Haka ya koma tasha da jajayen idanu. Motar garin Kore Mairuwa ta tsaya, wani tsoho mai malafa ya sauko. Ya wuce babura shida da ke masa hon, ya zo kan na mutumin namu ya hau.

"Ina muka nufa, Baba?"

"Zagaya da ni gari. Na daɗe ban zo ba, ina son in ga yadda ya koma."

Suka hau kwalta a hankali. Tsoho yana ta 'yan tambayoyi: wa ya haife shi, babur ɗin nasa ne ko na haya, a ina yake sallar asuba. Mutumin yana ba da amsa da murya kamar ta mai mura. Can tsoho ya leƙo ta gefen kafaɗarsa.

"Samari, mi ya samu idonka? Ciwo na?"

"Ba ciwo ba ne, Baba. Wata ce ta ci amana."

Tsoho ya gyara zama.

"Wata wa?"

Ya saki hannu ɗaya ya dafa tanki. "Ga ta nan."

Tsoho ya miƙa wuya. Ya ga mace ba ɗankwali, cikin wasu kaya masu ƙyalli da suka kama ta kamar a ciki aka zuba ta.

"Wagga ɗiyar ina ta?"

"Ba 'yar nan ba ce. Can ƙasashen waje take."

"Kun daɗe?"

"Shekara bakwai ina biye da ita, Baba. Duk halin da ta shiga ina nan. Ran da ta faɗo daga bene hawa tamanin, kwana biyu ban ci tuwo ba."

"Hawa tamanin. Ta rayu?"

"Ko ƙwarzane."

Suka wuce gidan mai.

"To yanzu mi ta yi?"

"Ta mayar da zobe. Ta bi wani mai sanƙo."

"Allah shi kyauta. Sai haƙuri. Ba ka da wata nan cikin gari?"

"Akwai. Bincike ma ake a kaina yanzu haka. Yarinyar kirki ce, ba ruwanta. Amma Baba, wannan daban take. Wannan ko a ɗaki kake, ka kulle ƙofa ka sa sakata, in dai akwai madubi, sai ka ga ta fito."

"Sauke ni nan."

"Ba mu gama zagayawa ba."

"Na ga garin."

Washegari da hantsi aka aiko Alhaji Abdussalamu yana kiransa. Ya sa farar riga, ya shafa turare, yana lissafin wace rana za a sa. Ya yi sallama a zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Da ya ɗago kai sai ya ga malafa a rataye jikin bango. Mai ita yana zaune a dama da Alhaji.

"Wannan yayana ne, Altine," in ji Alhaji. "Shi ne waliyyin Basira. Na ji kun gaisa jiya."



"Ba zan ja magana ba," Alhaji ya ci gaba. "Kana neman 'yata, ashe kana da wata tsiraicinta a waje, har kana yawo da hotonta a gari. Shekara bakwai."

"Abdussalamu, na ce maka ba mace ba ce," in ji Altine. "Macen da ta faɗo hawa tamanin ba ta karye ba? Macen da ke fitowa ta madubi? Doguwa ta. Ta aure shi. Dubi idonshi."

"Yaya, mace ce."

"Iska ta. Ni na ji da kunnena. Kuma tunda ta yi fushi ta tahi, za ta dawo. Ɗiyarmu za ta tarar a ɗaki. Akwai mutane wajen Lugu da sunka san yadda ake lallashin irinsu."

"Kada ka kawo mini wannan zancen cikin gidana. In ma iska ce, ruƙiyya za a yi."

"Kai yanzu ka ce mace ce."

Mutumin yana durƙushe yana kallon yadda ake raba shi tsakanin neman mata da aljanu, ko wanne ya ci, shi ya rasa Basira. Ya samu ɗan sarari ya sa baki.

"Alhaji, Baba, a gafarce ni. Fim ne."

Suka juyo.

"Fim ne," ya sake faɗa. Ya zaro waya.

Da mai wayo ne, da minti ɗaya ya isa. Shi kuwa sai ya fara daga kashi na farko, yadda Hayaƙi ya faɗa cikin tukunyar wani magani yana yaro. Alhaji ya kawar da kai ya fuskanci bango, ya ce shi ba ya kallon wannan. Altine ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska. Mai Madubi ta zo a guje, 'yan bindiga na bin ta, ta faɗa cikin madubin wani shagon aski ta ɓace.

"To," in ji Altine. "Mi na ce muku?"

"Dabara ce, Baba. Bari ka gani."

Ya lalubo wani guntun bidiyo na yadda ake haɗa fim ɗin. Ga Mai Madubi rataye a sama, wasu ƙarti biyu suna jan ta. Babu bene, babu gari, sai wani koren ƙyalle. Da aka sauko da ita ta zauna a kujerar roba tana cin burodi.

"Ga igiya nan, Baba."

Altine ya kawo wayar kusa da hanci. Ya daɗe yana dubawa. Da ganin fuskarsa, ya fi son ta zama doguwa.

"Ashe igiya ta."

"Igiya ce."

"Biyanta akai?"

"Biyanta ake. Tana da mijinta na gaske, da 'ya'ya biyu."

"Ta san ka?"

"Ba ta san ni ba."

"Ta san akwai wani gari Dogon Dutsi?"

"Ba na jin ta sani."

"Kuma ka ƙi cin tuwo kwana biyu."

"Na sha fura."

Alhaji ya juyo daga bango. Ya shafa gemu, ya yi dogon numfashi.

"Na tambayi liman. Na tambayi maƙwabta. Na tambayi 'yan tasha. Ba sata, ba ƙwaya, ba rigima. Yau kuma mun ga ba mace, ba iska. Abin da aka samu wauta ce. Ni kuwa a karatuna ban ga inda wauta ta hana aure ba. Da tana hanawa, da rabin garin nan gwauraye ne. Amma hoton nan zai bar babur."

Mutumin ya fita ƙofar gida. Ya sa farce ya ɓanɓare hoton a hankali, yana ji kamar fatarsa yake ɓarewa. Ya dawo ya ajiye shi a kan tabarma. Alhaji ya sa yatsa ɗaya ya kifa shi.

"A kira Basira. Ba a ɗaura wa yarinya abin da ba a tambaye ta ba."

Aka ji motsi a bayan labulen ƙofar cikin gida. Ta gaishe da mahaifinta, ta gaishe da baffanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Kin ji duk abin da aka yi?" in ji Alhaji.

"Na ji, Baba."

"Kin yarda da shi a haka?"

"Na yarda."

Aka yanke sati uku bayan an gama yankan gero. Mutumin ya ji duniya ta yi masa faɗi. Yana ta godiya, goshinsa na neman taɓa tabarma. Alhaji ya gyara zama zai yi addu'a. Altine ne dai har yanzu wayar na hannunsa.

"Ni abu guda ya tsaya mini," ya ce. "Shekara bakwai suna tare. Mi ya sa ta bar shi?"

"Cin amana ne kawai, Baba," in ji mutumin. "Shi mai sanƙon nan ne ya hure mata kunne. Mutum ya sha harsashi sau uku saboda ke, ya..."

"Ba cin amana ba ne, Baffa."

Daga bayan labule maganar ta fito.

Shekara biyu mutumin yana zuwa zance wurin Basira, bai taɓa ambaton fim ba, don kada ta raina shi. Ashe ita ma haka. A wurin koyon ɗinki suke kallo, ita da ƙawayenta, waya ɗaya kai biyar.

"Shekara bakwai yana zuwa zance ta ramin makulli," ta ce. "Bai taɓa turo magabatansa ba. Ba gida, ba sana'a. Duk ran da ta ɗauko maganar aure sai ya zama hayaƙi ya bi taga. Shi kuwa wancan, duniya gaba ɗaya yake tsayarwa don ya saurare ta. Sanƙo ai ba ciwo ba ne. Ni tun kashi na uku nake mata fatan ta bi shi."

"Tun kashi na uku," in ji mutumin, a hankali.

"Tun kashi na uku."

Alhaji ya dubi labule, ya dubi yayansa. Altine ya kaɗa kai.

"Ɗiyar nan ta fi ku gaskiya. Ko ni, mai sanƙon zan ba."

"Ya isa," in ji Alhaji. "Wannan maganar za mu yi ta a cikin gida. A yi addu'a."

Ya ɗaga hannu. Altine ya ɗaga hannu. Hannun mutumin yana kan gwiwa bai motsa ba. Yana kallon labule kamar yau ya fara jin muryar da ke bayansa. Can ya miƙa hannu ya ɗauki hotonsa daga tabarma, ya hure ƙurar, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya miƙe ya zura takalmi.

"Ina za ka?" in ji Alhaji. "Ba a shafa ba."

"Alhaji, a dakata da sa ranar nan. A ba ni sati biyu, ni ma zan yi nawa binciken."