Bebiya Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Gunvor Lindahl, tsohuwar malamar kimiyya, mutuniyar Suwidin da ta yi ritaya a ƙauyen Ano Melida na tsibirin nan na ƙasar Girka, nake sanar da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motata mai aiki da lantarki, wadda mutanen ƙauye suka raɗa wa suna Bebiya don ba a jin zuwanta. Ta rasu tana da shekara shida a duniya, bayan gajeriyar jinyar da ita kanta ba ta san tana yi ba.

Na ɗauki alƙalami da kaina ne saboda abin da nake ji ana faɗa. A ƙauye an ce wuta ce ta kama ta. A tashar jirgin ruwa an ce idona ne ya mutu na daki katanga. Duka biyun ƙarya ne, kuma marigayiya ba ta da bakin kare kanta. Abin da ya yi ajalinta wata jita-jita ce da na ƙuduri aniyar gwadawa.

Kowace Alhamis, mu baƙin da muka zo cin fansho a ƙarƙashin ranar Girka mukan haɗu a wani teburi a gidan shan kofi na bakin tasha. Hirar ba ta wuce uku: likita, tsadar kaya, da lissafin waɗanda suka koma gida, wa ya tafi da ƙafarsa, wa aka tafi da shi a akwati. A nan ne Desmond, wani Bature ɗan Ingila da ya ƙare aikinsa a gidan waya, ya nuna ni da cokali wata rana.

“Gunvor, ki ji shawarar wanda ya girme ki da wata uku. Mota irin taki, ko ƙwarzane ta samu a ƙarƙashin ciki, kada ki kuskura ki gaya wa inshora. Ba sa gyara irinta. A takarda suke kashe ta.”

Na ce, “Wa ya gaya maka?”

“Kowa ya sani.”

“Shi Kowa ɗin nan, a wace jami'a ya yi karatu?”

Hannelore, Bajamushiyar da ke zama kusa da shi, ta ce, “Ƙyale shi, ƙawata. Mutumin da ko keke bai mallaka ba shi ne masanin mota.”

Ina da hujjar yin dariya. Teburin nan ne ya ce motocin lantarki suna kamawa da wuta haka kawai. Na je ofishin 'yan kwana-kwana na tambaya, babbansu ya ce shi dai gobarar da ke hana shi sakat ita ce ta tsofaffi masu ƙona rassan zaitun ranar da ake iska. Teburin nan ne ya ce iskar teku za ta cinye batir cikin shekara biyu. Shekara biyu ta wuce, ta ninka, batir na nan. Wanda ya yi maka ƙarya sau biyu, ba a wajabta maka gaskata ta ukun ba.

Kafin in zo ga ciwon ajali, wajibi ne a faɗi halayen mamaciya.

Bebiya mai kunya ce. Ba ta taɓa tashin maƙwabci daga barcin rana ba, laifin da a ƙauyen nan ya fi zunubai da yawa girma. Ba ta shan mai, ba ta tari da safe, ba ta barin ɗigon baƙi a ƙofar gidan mutane. Abincinta rana ce, daga farantan sola da ke kan rufin ɗakina. Maganarta duka ba ta wuce kala uku ba: ɗin-ɗin-ɗin idan wani ya ƙi ɗaura bel ɗin kujera, wani siririn zuuu idan tana ja da baya, da ƙas ɗin nan guda ɗaya idan wayar caji ta kama. Ita ta kai maigidana Torsten asibiti zuwansa na ƙarshe, ta dawo da ni ni kaɗai, ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ba ta ce ya huta ba. Ban samu wannan ladabin a wurin mutane ba.

Da farko ƙauye bai karɓe ta ba. Maƙwabciyata Evdokiya takan yi alamar gicciye idan ta gan ta ta sulalo, tana cewa abin da ke tafiya ba numfashi ba na Allah ba ne. Sai da limamin cocin ƙauye, Fada Gerasimos, ya yayyafa mata ruwan albarka da ganyen ɗoɗɗoya, sannan aka yarda a shiga. Da aka shiga kuma ba a fita ba. Mai zuwa kantin magani, mai zuwa banki, mai kai wa jika cuku a jirgi, duk ƙofata suke bugawa. Shekarun da na yi a nan kafin zuwanta, baƙuwa ce ni da ake gaisarwa. Da ita na zama Malama mai mota, wadda ake yi wa faɗa idan ta makara.

Akwai kuma abin da 'yata Kerstin da ni kaɗai muka sani, yau zan faɗe shi. Bayan mutuwar mahaifinta ta so ta mayar da ni garin Umeå a Suwidin, gidan tsofaffi. Na ƙi. Muka yi yarjejeniya: muddin ina tuƙa kaina, zan zauna a gidana, ranar da na daina, zan haɗa kaya. Gidana a kan tudu yake. Likita, kasuwa da kabarin Torsten duk suna ƙasa, kuma motar haya ba ta hawowa da hunturu. Saboda haka tayoyin nan huɗu su ne ƙafafuna, kuma su ne takardar zamana.

Ciwon ya fara ne ranar idin Annabi Iliya. Cocinsa a ƙololuwar dutse yake, hanyar kuwa ta awaki ce da aka faɗaɗa. Al'ada ce duk mai mota ya ɗauki tsofaffin da gwiwa ta hana hawa. Rabona a bana shi ne Evdokiya da ƙawayenta biyu, Fotini da Marigo, sai katuwar tukunyar wake da naman akuya a but ɗin baya. Marigayiya ta zauna ƙasa kaɗan saboda nauyi, amma ba ta yi ƙorafi ba. A kwanar hanya ta ƙarshe muka ji ƙarrr, dutse ya goge mu a ƙarƙashi.

Evdokiya ta ce, “Malama, ba ni ba ce. Fotini ce. Tun bikin Ista take ci ba ta tsaya ba.”

Fotini ta ce, “Ji tsohuwar banza. Ni da ke wa ya karya kujerar coci bara?”

Muka isa, muka ci wake, muka sauko lafiya. Ba wata fitila da ta kunna a gaban sitiyari. Washegari na kai ta wurin Fanuris bakanike. Ya leƙa da tocila, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

“Ƙwarzane ne a farantin ƙarfen da ke kare batir. Irinsa akwai a gindin kowace mota a tsibirin nan, har ta ɗaukar gawa. Tafi gida, Malama.”

Na ce zan sanar da inshora, domin abin da yarjejeniyata da su ta ce ke nan.

Ya cire sigari daga bakinsa. “Duk shekarun nan da kika yi da mu, ashe ba ki waye ba? Mu ko Fada ba ma faɗa wa zunubanmu duka, balle inshora.”

Na sanar. A ƙasar da na tashi, idan ka fasa kofi a gidan da ba kowa, kakan bar rubutu ka ce kai ne. Kuma ina so ranar Alhamis in ajiye takardar gyara a gaban Desmond, kusa da kofinsa, ba tare da na ce komai ba.

Kamfanin ya turo mai duba ɓarna daga babban gari, wani matashi da farin takalmi. Bai durƙusa ba. Ya maƙala wayarsa a sanda, ya zura ƙarƙashin mota, ya ɗauki hoto, ya ja da baya kamar wanda ya leƙa ramin maciji.

Na ce, “Ɗana, me ka gani?”

“Kaka, ba zan iya tabbatar miki batir bai taɓu ba.”

“Za ka iya tabbatar mini ya taɓu?”

“Shi ma a'a.”

“To wa zai iya?”

Ya yi mini bayani a hankali, da irin muryar da ake yi wa tsofaffi. Sai an buɗe batir a garejin kamfanin da ya ƙera motar, garejin kuwa yana ƙetaren teku. Jirgin fito ba ya ɗaukar motar lantarki da aka rubuta cewa ta bugu a wajen batir, kuma ga shi yanzu an rubuta, shi ne ya rubuta. Sauya batir gaba ɗaya ya fi kuɗin motar. Ba wanda zai sa hannu cewa lafiyarta lau, domin idan wata rana ta kama da wuta, sunansa za a nema. Na ce masa shekara talatin da ɗoriya na yi ina koya wa yara cewa abin da ba a auna ba, ba a san shi ba. Ya ce gaskiya ne, Kaka, shi ya sa.

Haka aka yanke cewa ta mutu. Ina tsaye kusa da ita lokacin da aka kira ni aka faɗa mini, tana cajinta a inuwar inabi. Sun biya diyya cikin mutunci, ba su ci haƙƙina ba. Suka karɓi lambarta.

Na ce to, a sayi wata. A nan na gane cewa tsohuwar inshorar tawa sabo ne ya riƙe ta, ana sabunta ta duk shekara ba mai duba fuskata. Sabuwar mota sai sabuwar yarjejeniya. Na kira kamfanonin da na sani da waɗanda ban sani ba. Kowace murya takan fara da fara'a, har sai na faɗi shekarar haihuwata, daga nan sai a ce ba za a yi mini inshora ba. Shekarata tamanin da ɗaya. Ban taɓa buge ko kaza ba. Wata yarinya mai kirki ta ce, “Ba ke ba ce, Kaka, lissafi ne.” Na ce na san lissafi, na koyar da shi.

Kerstin ta kira ranar Lahadi. Ba ta yi murna ba, zan ba ta wannan. Ta ce, “Mama, mun yi alkawari.” Na ce na sani, ni na koya mata cika shi. Ta ce ɗakin da ke jirana a gidan tsofaffin yana da taga babba. Na tambaya me ake hangowa, ta ce filin ajiye motoci.

Marigayiya ta bar ni, mai ita. Ta bar wayar cajinta rataye a bango. Ta bar Evdokiya, Fotini da Marigo, waɗanda yanzu suke musu a kan wadda nauyinta ya jawo, ko da yake na gaya musu dutse ne. Ta bar mijin Marigo, da nake kai wa gashin gwiwa duk Talata, kuma ba a san wa zai kai shi ba. Ta bar kyanwar maƙwabta, wadda ba ta taɓa yafe mata sanyin bonet ba, tunda ba injin da zai ɗumama mata wurin kwanciya. Ta bar Desmond, wanda har yau bai ce na gaya miki ba. Kofi ya saya mini, ya kawar da kai. Da ya faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, daga ƙofar gidana. Mai janwe ya ce ba zai ja ta da sarƙa ba, yana tsoro, don haka mamaciya za ta hau motar ɗaukar gawarta da ƙafafunta, ni zan tuƙa ta. Za a ajiye ta a filin da ke bayan tasha, nesa da sauran motoci kamar yadda aka umarta, har ranar da jirgin ɗaukar kaya masu haɗari zai biyo, ranar da ba wanda ya sani. Fada Gerasimos ya ce littafinsa ba shi da addu'ar mota, amma zai zo a matsayin fasinja da ya ci arzikinta. Evdokiya za ta dafa alkamar sadaka da rumman, irin wadda ake yi wa mamaci a nan. Ta ce idan an tambaya a ce ta Torsten ce. Ba a buƙatar furanni. Za a karɓi gaisuwa a gida har ƙarshen Oktoba, daga nan makulli yana hannun dillali.

Ga masu son sanin sakamakon gwajin: ranar Laraba Fanuris ya ɗaga ta, muka kwance farantin ƙarfen, na auna da na'ura, na sake aunawa. Ƙwarzanen bai wuce farantin ba. Batirin lafiyarsa ƙalau. Na aika wa kamfanin inshora, sun gode, sun ce an rufe magana. Abin da aka faɗa a teburin Alhamis karon nan gaskiya ne. Jirgina zuwa Umeå zai tashi ranar uku ga Nuwamba.