Yaron da Nake Kira Kan Tulu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ana saura 'yan watanni ƙasarmu ta sami 'yancin kai. Lokacin ina ƙaramin malami a wata elemantare a Gwallaga, ga farin wando ga bulala, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko Bauchi. Kiran rajista ma na fi ƙarfinsa, monita na bar wa. Yara kuwa kowa da laƙabin da na manna masa (a ganina raha ce, tunda aji na dariya).

Ranar darasina a kan suna ne. Na zage ina bayani cewa suna haƙƙin ɗan Adam ne, don shi ake yanka rago ran bakwai, wanda aka hana wa sunansa kuwa an mai da shi dabba. Ina cikin kumfar baki sai ga wata Bafulatana mai tallan nono daga wajen Tirwun a bakin ƙofa, riƙe da allon makaranta. Ta gaishe ni, ta ce kayan gwamnati ta dawo da shi, ɗanta ɗan ajina ne, sanƙarau ya ɗauke shi shekaranjiya.

Na yi mata ta'aziyya, na jawo rajista, na tambayi sunansa. Ta sunkuyar da kai. Ashe ɗan farinta ne, Bafulatana kuwa ba ta kama sunan ɗan fari ko a kan gawarsa. Na san wannan sarai, amma na sake tambaya har da ɗaga murya, don ban ma lura da wanda ya kwana huɗu bai zo ba.

A hankali ta ce, "Malam, wanda kake ce wa Kan Tulu. Ya ce haka kake kiransa."

Na bi rajista sama da ƙasa, na rasa layin da zan tsaya. Sai abokin zamansa ya ce, "Usmanu ne, Malam."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Wata bakwai yaron nan yana gabana. Ranar na fara furta sunansa, ranar kuma na soke shi da jan alƙalami.

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Daga nan na koyi cewa kafin malami ya yi wa yara wa'azin suna, ya fara sanin nasu tun suna iya amsawa.